RUWAN WANKE-WANKE: YADDA AKE SA SIFON A ƘARƘASHIN KWANO DA TSAWON DA YA DACE

A wannan karo za mu yi magana a kan ruwan wanke-wanke da hanyar da yake bi ya bar gida.

A gundumomin Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, ginin siminti sai ƙaruwa yake yi. Ana yin siminti a Malbaza tun shekarun 1960, saboda haka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya sayar da albasa a Galmi ko a Tsarnawa, ko wanda ya dawo daga cin rani da ɗan abin hannu, yakan ja ruwan famfo zuwa gidansa. Sa'an nan ya gina madafa, ya sa kwanon wanke-wanke mai tiyo a gindinsa. Wannan ci gaba ne, domin yana rage wa mata wahala.

Amma sau da yawa, bayan ƴan watanni, sai madafa ta fara wari. Kyankyasai su riƙa fitowa daga ramin kwano da dare. Ruwa ya kwanta a kwano, ya ƙi tafiya. Galibi laifin na wani ɗan ƙaramin abu ne da ke ƙarƙashin kwano, wanda masu aikin famfo suke kira sifon. Ko dai ba a sa shi ba sam, ko kuwa an sa shi a tsawon da bai dace ba. Wanda ya san awon nan kafin magini ya yi yaɓe, ya tsirar da kuɗinsa da lafiyar iyalinsa.

INA RUWAN YAKE ZUWA?

A manyan biranen wasu ƙasashe akwai babbar magudana a ƙarƙashin titi, wadda take kwashe ƙazamin ruwan kowane gida. A Ƙwanni, Malbaza, Illela, Badagishiri da sauran garuruwanmu babu irin wannan. Kowane gida shi yake san yadda zai yi da ruwansa. Wasu suna sakinsa ta rariya zuwa kan hanya. Wasu suna haƙa rami a ƙofar gida ko a tsakar gida, watau gologo. Wasu kuma suna haɗa tiyon madafa da ramin salga.

Ruwan wanke-wanke yana ɗauke da mai, da sabulu, da sauran tuwo da miya. Idan ya taru a rami sai ya ruɓe. Ruɓewar nan tana haifar da iska mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan iska ba ta zama a rami. Tana neman hanyar fita sama. Tiyon da ya kai ruwa cikin rami, shi ne kuma zai dawo da iskar cikin madafa, idan ba a tare ta ba. Kyankyaso da ƙuda da sauro, har da ɓera, duk wannan hanya suke bi. Kyankyason da ya kwana a ramin ƙazanta, shi ne zai hau kan akushi da ludayi da asuba.

MENE NE SIFON?

Sifon ɗan guntun tiyo ne da aka lanƙwasa. Yana sauka ƙasa, sa'an nan ya sake hawa sama kaɗan, kafin ya miƙe zuwa bango. Duk lokacin da aka zuba ruwa a kwano, ruwan yana wucewa, amma kaɗan daga cikinsa yana tsayawa a cikin lanƙwasar. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙofa. Yana cika faɗin tiyo, ya hana iska da ƙwari su wuce. Bari mu kira shi ruwan tsaro.

Dabarar ta daɗe. Wani mai gyaran agogo, ana ce da shi Alexander Cumming, shi ne ya yi rajistar wannan lanƙwasa a Ingila a shekarar 1775. Tun daga lokacin har yau ba a sami abin da ya fi ta sauƙi ba. Ba ta cin wuta, ba ta cin mai, ba ta da inji.

A kantunan kayan gini za ku ga iri biyu. Na farko yana da lanƙwasa kamar baka. Na biyu yana kama da ƴar kwalba, yana da gindi mai kwancewa da hannu. Aikinsu ɗaya ne. Mai lanƙwasa ya fi wuce ruwa da sauƙi. Mai kwalba ya fi sauƙin buɗewa, amma ya fi saurin tara datti.

Zurfin ruwan tsaro ya kamata ya kai santimita 5, watau kamar faɗin yatsu uku. Kada kuma ya wuce santimita 10. Idan bai kai 5 ba, zai bushe da wuri ko kuwa ruwa mai gudu ya janye shi. Idan ya wuce 10, ruwa ba zai iya wanke shi ba, sai datti ya kwanta a ciki.

ME YA SA TSAWO YAKE DA MUHIMMANCI?

Kowa ya san ruwa ba ya hawa tudu. Manoman da ke aiki a filin noman rani na Ƙwanni sun fi kowa sanin haka. Ruwan da aka tare a madatsun Mozage da Zango, a kan kwarin Magiya, yana zuwa gonaki ne ta hanyar gangare, ba tare da inji ya tura shi ba. Idan bakin wata hanyar ruwa ya fi ƴar'uwarta tudu, to, fangalin da ke bayanta zai kwana da ƙishirwa.

Haka abin yake a madafa. Akwai wurare uku, kuma dole kowane ɗaya ya kasance ƙasa da wanda ya gabace shi.

Na farko shi ne gindin kwano.

Na biyu shi ne bakin fitar sifon.

Na uku shi ne bakin tiyon da ke cikin bango, wanda zai kai ruwa waje.

Idan bakin tiyon bango ya fi bakin sifon tudu, ruwa zai cika sifon, ya cika tiyon da ke samansa, ya tsaya. Mai da sauran abinci za su kwanta a ciki, su daskare. Idan kuwa tudun ya kai kusa da gindin kwano, ruwa ba zai taɓa ƙarewa a kwano ba. Ba wani magani da za a zuba ya gyara wannan. Sai an fasa bango an sauko da tiyo.

Idan kuma sifon ya yi nisa ƙwarai da gindin kwano, ruwa zai faɗo da ƙarfi. Ƙarfin faɗowar zai kore ruwan tsaro, ya bar sifon fayau. Saboda haka nisan da ke tsakanin gindin kwano da bakin fitar sifon kada ya wuce santimita 60.

AWON DA ZA A RIƘE

Ga awon da masu aikin famfo suke bi ga kwanon da ake wanke-wanke a tsaye:

1. Daga daɓe zuwa bakin kwano: santimita 85 zuwa 90.

2. Zurfin kwano: santimita 15 zuwa 20.

3. Daga gindin kwano zuwa bakin fitar sifon: santimita 15 zuwa 20.

4. Daga daɓe zuwa tsakiyar bakin tiyon bango: santimita 45 zuwa 50.

5. Faɗin tiyo: lamba 40, watau milimita 40 ko santimita 4. Lamba 32 ta kwanon wanke hannu ce, ta yi wa madafa kaɗan.

6. Gangaren tiyo: santimita 2 a kowace mita ɗaya.

A lura da kyau: ana fara awo ne daga daɓen da aka gama. Idan za a shimfiɗa karo ko a ƙara siminti daga baya, a lissafa kaurinsa tun farko. Da yawa sukan auna daga ƙasar da ba a daɓe ba, sai awo ya ɓaci.

MISALI DA LISSAFI

Ku ɗauko alli ko gawayi, mu yi lissafin tare a jikin bango.

A ce bakin kwano yana kan santimita 90 daga daɓe. Zurfin kwano santimita 20 ne. A cire 20 daga 90, saura 70. Nan ne gindin kwano. A yi alama.

Daga gindin kwano zuwa bakin fitar sifon, a ce santimita 18 ne. A cire 18 daga 70, saura 52. Nan ne bakin sifon. A yi alama ta biyu.

A ce daga sifon zuwa bango rabin mita ne. Gangaren mita ɗaya santimita 2 ne, saboda haka na rabin mita santimita 1 ne. A cire 1 daga 52, saura 51. To, bakin tiyon bango kada ya wuce santimita 51 daga daɓe. Idan aka sa shi a kan 48 ko 50, ya yi daidai.

Ga wata shawara mai amfani. Idan ana shakka, gara tiyon bango ya yi ƙasa kaɗan da ya yi sama. Wanda ya yi ƙasa, ana ƙara tsawon ɗan tiyon da ke saukowa daga kwano, shi ke nan an gyara. Wanda ya yi sama kuwa, sai guduma. Haka kuma, wanda ya ga nan gaba zai sake kwano mai zurfi, ya sauko da tiyon bango tun yanzu.

Abin da ya fi duka shi ne a sayi kwano da sifon tun kafin a binne tiyo. A aza su a wurin, a auna da ido da hannu. Magina suna da siririn tiyo mai haske da suke cika wa ruwa don gane daidaito. A roƙi magini ya yi amfani da shi a nan ma. A kuma bar sarari a ƙarƙashin sifon, wanda ƙaramar roba ko kwano zai shiga ranar da za a buɗe shi.

IDAN KWANON ƘASA-ƘASA NE FA?

Yawancin matanmu sun saba wanke-wanke a zaune a kan kujera ƴar tsugune. Saboda haka wasu gidaje sukan gina kwanon siminti gajere. Babu laifi. Sai dai duk awon ya sauka tare. Idan bakin kwano yana kan santimita 60, zurfinsa kuma 20, to, gindinsa yana kan 40. Bakin sifon zai zo wajen 24, tiyon bango kuma wajen 22. Kada a ɗauki awon dogon kwano a sa wa gajere.

Idan dandamali ne kawai aka daɓe a ƙasa, akwai sifon na ƙasa. Ana binne shi a cikin daɓe, yana da murfi mai huji-huji da ƴar hula a ciki. Hular nan tana nutsewa a ruwa, ita ce take tare iska. Wasu sukan cire ta su yar, wai don ruwa ya yi sauri. Wanda ya cire ta ya buɗe wa wari ƙofa. A daɓe dandamalin da gangare, yadda kowane ɗigon ruwa zai nufi bakin sifon.

GANGARE DA HANYAR ISKA

Tiyon da ya bar sifon ya riƙa sauka a hankali har zuwa rami. Idan ya kwanta daidai, ruwa zai tsaya a ciki. Idan gangaren ya yi yawa, ruwa zai gudu ya bar datti a baya. Santimita 2 a kowace mita shi ne tsaka-tsaki. A ce rami yana nesa da madafa da mita 5. To, bakin tiyo a wurin rami zai fi na madafa ƙasa da santimita 10.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi. Tiyo yana fita daga sifon, sai nan take a karya shi ya nutse ƙasa tsaye. Idan aka saki ruwa mai yawa, sai ya cika tiyon, ya tsotse ruwan tsaro ya tafi da shi. Masu sayar da fetur a kwalba sun san wannan aiki, domin da irinsa suke janyo mai daga jarka da tiyo. Alamar wannan kuskure ita ce ƙara. Idan kwano yana yin gurnani bayan ruwa ya wuce, to, ana tsotse sifon.

Maganinsa biyu ne. Na farko, tiyo ya fara miƙewa a kwance zuwa bango, aƙalla kamar santimita 10, kafin ya sauka. Na biyu, a sa tiyon iska. Watau a bayan bango, inda tiyo zai sauka ƙasa, a haɗa wani tiyo ya hau sama har ya wuce rufin ɗaki. A ɗaure bakinsa da ragar sauro. Ta nan iska za ta shiga ta hana tsotsa, ta nan kuma wari zai fita sama da kawunan mutane. Tsakanin sifon da tiyon iska kada ya wuce mita ɗaya da rabi.

KURAKURAN DA ZA A GUJE WA

Kada a sa sifon biyu a jere a kan tiyo ɗaya. Iska takan maƙale a tsakaninsu, ruwa ya kasa wucewa.

Kada a juya sifon baya ya koma gaba don a kai ga tiyon bango mai tudu. Ruwan tsaro zai yi zurfi, ya zama matattarar datti.

Kada a dogara da tiyon roba mai tattarewa kamar maƙogwaro. Yana da araha, amma kowane kwarminsa yana riƙe mai. Idan ya saki kuma, lanƙwasar ta ɓace.

Kada a shafa gam a mahaɗar sifon. An yi ta ne don a riƙa kwancewa. Zoben roba da ke ciki shi yake hana yoyo. A ɗaure da hannu, ban da ƙarfe.

Kada a binne sifon a cikin siminti. Ranar da ya toshe za a yi da-na-sani.

Kada a bar tiyon roba a rana. Zafin rana yana sa shi ya bushe ya tsage. A binne shi a ƙasa ko a rufe shi.

GOLOGO MAI KYAU

Sifon yana tsare madafa. Gologo mai kyau kuwa yana tsare unguwa. Ruwan da aka saki a kan hanya yana jiƙa gindin katanga, yana kawo faɗa tsakanin maƙwabta, yara kuma suna wasa a cikinsa. Sauron da ke hana barci da dare yana son ƙazamin ruwan buɗaɗɗen gologo. Sauron zazzaɓi ya fi son ruwan da ya kwanta a fili, irin wanda ke taruwa a ƙofar gida da damina. Dukansu biyu muna iya rage su.

Ga yadda ake yi. A haƙa rami mai faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya da rabi. A cika shi da duwatsu, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Dutse ba ya wuya a ƙasar Adar. A sa bakin tiyo ya shigo tsakiyar ramin daga sama. A rufe da murfin siminti, a toshe gefensa yadda sauro ba zai shiga ba. Kada a yaɓe cikin ramin, domin so ake ƙasa ta sha ruwan.

Kafin a haƙa, a gwada ƙasar. A tona ɗan rami zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa, ya tsotse, a sake cikawa. Idan ruwan ya shanye cikin sa'a ɗaya ko biyu, ƙasar tana sha. Idan ya kwana yana nan, ƙasar laka ce ko fako. A irin wannan wuri, dogon rami marar zurfi mai cike da tsakuwa ya fi amfani, domin ruwa zai sami faɗin da zai bazu.

A kula da rijiya. Tsakanin gologo da rijiya a bar mita 30, watau kamar taku arba'in na babban mutum. A garuruwan da ke cikin kwarin Magiya da bakin fadamu, ruwa yana kusa da sama. A nan kada a zurfafa rami. A bar aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin gindin rami da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. A shekarar 2018 da ta 2021 annobar kwalara, watau amai da zawo, ta shigo jihar Tawa, har da yankin Ƙwanni. Wannan cuta tana bin ruwan sha da abincin da najasa ta taɓa. Duk ramin ƙazantar da ke kusa da rijiya, hanya ce aka buɗe mata.

Gara a raba ruwan madafa da ramin salga. Ruwan wanke-wanke yana cika salga da wuri, yana kuma iya rusa ta. Idan ya zama dole a haɗa tiyon madafa da babban ramin siminti na bayan gida, to, sifon da tiyon iska sun zama wajibi.

Gargaɗi: kada kowa ya shiga rufaffen rami don yasa ba tare da an buɗe shi ya sha iska ba, kuma ba tare da mutane a bakinsa ba. Iskar ciki tana iya sumar da mutum nan take. Kada a leƙa shi da ashana ko fitilar kwai, domin iskar tana iya kama wuta.

AKWATIN TARE MAI

Babban maƙiyin gologo shi ne mai. Man gyaɗa, manja da kitse suna toshe ƙofofin ƙasa, sai rami ya daina sha. Don haka yana da kyau a gina ɗan akwatin siminti a bayan madafa, tsakanin bango da rami. Tsawonsa santimita 60, faɗinsa 40, zurfinsa 50 sun isa gida ɗaya. Ruwa ya shigo ta gefe ɗaya. A ɗaya gefen a sa gwiwar tiyo, bakinta yana kallon ƙasa, yana nutse cikin ruwa. Mai zai taso sama, yashi zai kwanta ƙasa, ruwan tsakiya shi ne zai wuce. A yi masa murfi mai ɗaguwa. Kowane mako a kwashe man da ya taso, a binne shi.

KULAWA TA YAU DA KULLUM

Wannan sashe na uwargida ne da ƴan mata masu wanke-wanke, amma maigida ma ya karanta.

Mun saba goge tukunya da toka da yashi. Yashi yana da nauyi, yana kwanciya a gindin sifon, ya haɗu da mai ya zama kamar dutse. A goge tukunya a waje, a ɗauraye ta a roba, a zubar da wannan ruwa a gindin itace. Bayan haka sai a kawo ta kwano.

A kankare sauran tuwo da ƙanzo da shinkafa kafin a jiƙa kwanuka. Kaji suna so. Ƙasarin gero kuwa na awaki da tumaki ne, asara ce a zuba shi a tiyo.

A bar ɗan matacin ƙarfe a bakin ramin kwano koyaushe. Shi yake tare ɓawon albasa da ƙashin kifi.

Sau ɗaya a mako a zuba ruwan zafi da ɗan sabulu. Kada ya zama tafasasshe, domin yana iya lanƙwasa tiyon roba.

Sau ɗaya a wata a tara roba a ƙasa, a kwance gindin sifon, a wanke shi, a mayar. A wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Kada a zuba ruwan batir ko maganin ƙwari na gona a cikin tiyo. Suna ƙona hannu da ido, suna kuma sauka cikin ruwan ƙasa.

Da bazara da lokacin hunturu ruwa yana saurin bushewa. Kwanon da ba a amfani da shi, ruwan tsaronsa zai ƙafe, wari ya dawo. A riƙa zuba masa moɗa ɗaya kowane mako. Idan za a yi tafiya mai tsawo, a zuba ruwa, a bi shi da cokali ɗaya na man girki. Man zai rufe saman ruwan ya rage bushewa.

RUWAN YANA IYA AMFANIN SHUKA

A ƙasarmu ruwa ba abin yarwa ba ne. Ruwan da ya fito daga akwatin tare mai yana iya shayar da itatuwa a tsakar gida, kamar zogale, gwanda, lemun tsami da dogon yaro. A kai tiyo gindin itace, a haƙa ɗan kwari, a rufe da tsakuwa da karan gero, yadda ruwa ba zai kwanta a fili ba. A riƙa canza wuri, domin sabulu yana tara gishiri a ƙasa. Amma kada a ba wa salati, tumatir, karas ko wani abin da ake ci ɗanye wannan ruwa.

KAFIN A SALLAMI MAI AIKI

Idan mai aikin famfo ya ce ya gama, a yi wannan gwaji a gabansa. A toshe kwano, a cika shi da ruwa, sa'an nan a saki gaba ɗaya. A duba abubuwa huɗu. Shin ruwan ya tafi da sauri, bai bar saura ba? Shin ba a ji gurnani ba? Shin babu ɗigo a ƙarƙashi, idan aka shafa mahaɗa da busasshen tsumma? Shin idan aka kwance gindin sifon, an tarar da ruwa a ciki? Idan duka huɗun sun yi, aiki ya yi kyau, a biya shi haƙƙinsa. Idan ɗaya bai yi ba, a gyara tun siminti bai bushe ba.

Wanda yake da tambaya game da wurin haƙa gologo, ya tuntuɓi ma'aikatan tsabta na ofishin magajin gari ko ma'aikatan likita mafi kusa. Malaman yaƙi da jahilci kuma, muna roƙonku ku yi lissafin nan tare da ɗalibai a kan allo, kowa ya auna na gidansa. Wanda ya karanta ya gaya wa maƙwabcinsa mai shirin gini. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.